Kafin Ka Faɗi Sunanka: Yadda Harshe da Al'ada Ke Ƙera Mutum

Mutum ya shigo wuri ya buɗe baki, bai kai ga faɗin sunansa ba an riga an ajiye shi a gurbinsa. Wannan ɗan birni ne, wancan daga ƙauye ya fito, wannan ya yi karatu, wancan baƙo ne ko da ya shekara talatin a garin. Ba wanda ya zauna ya yi lissafi, kunne ne ke yanke hukuncin tun hankali bai sa baki ba. Abin da nake so mu warware shi ne yadda harshen da mutum ya tarar ana yi a gida, da al'adar da ta raine shi, abubuwan da bai zaɓa ba, suke zama babban sashe na ko shi wanene, a wurin kansa da kuma a idon jama'a. Sannan mu duba inda ikonsu ya tsaya, domin yana da iyaka, kuma yawancin rigimar da ake yi a kan wannan batu daga rashin sanin iyakar take tasowa.

Abin yana farawa da wuri fiye da yadda ake zato. A 1988 Jacques Mehler da abokan aikinsa a Faransa suka gwada jarirai 'yan kwana huɗu, suna auna yadda suke tsotson robar da aka sa musu a baki idan an kunna musu magana. Jariran suka bambance Faransanci da Rashanci, kuma Faransancin ya fi ɗaukar hankalinsu. Ba su san ko kalma ɗaya ba. Kiɗan maganar suka gane, hawanta da saukarta, wanda suke ji tun suna ciki. A Kanada kuwa Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas, wanda Turanci ake yi a gidansu, yana jin bambancin wasu sautukan Hindi da iyayensa ba sa ji ko kaɗan. Kafin ya cika shekara wannan baiwa ta dushe, kunnensa ya koma daidai da sautukan gida kaɗai. Ashe koyon harshen uwa har da rufe wasu ƙofofi a cikinsa.

Kuma da zarar kunne ya zaɓi sauti, zuciya sai ta fara zaɓar mutane. Katherine Kinzler da abokan aikinta sun buga wani bincike a 2007 inda mutum biyu, ɗaya mai Turanci ɗaya mai Faransanci, suka miƙa wa yara 'yan wata goma abin wasa iri ɗaya. Yaran Boston suka fi kai hannu ga na mai Turanci, na Paris ga na mai Faransanci. A wani binciken nasu na 2009, da aka koma kan 'yan shekara biyar aka ce su zaɓi aboki, sai karin magana ya rinjayi launin fata: farin yaro ya fi zaɓar baƙin yaro mai magana irin tasa a kan farin yaro mai karin wata ƙasa. Babu wanda ya zaunar da waɗannan yara ya koya musu ƙabilanci. Rarrabe “namu” da “nasu” ta hanyar baki ta riga wayo zuwa.

Daga nan ne wasu suka yi tsalle suka ce harshe kurkuku ne, abin da harshenka bai da kalmarsa ba za ka iya tunaninsa ba. Akan jingina wannan ra'ayi ga Edward Sapir da ɗalibinsa Benjamin Lee Whorf, waɗanda suka yi nazarin harsunan 'yan asalin nahiyar Amurka a rabin farko na ƙarni na 20. Whorf ya yi iƙirarin cewa harshen mutanen Hopi ba ya maganar lokaci yadda Turawa suka sani, don haka su da lokaci wata hulɗa suke yi daban. Zancen yana da daɗin ji, shi ya sa ya bazu. Sai dai a 1983 Ekkehart Malotki ya fitar da bincike mai kauri, cike da misalan yadda Hopi ke maganar jiya da gobe da ƙidayar kwanaki. Ni ma ban yarda da batun kurkukun ba. Da gaskiya ne, da ba wanda ya taɓa koyon sabon abu, da tafinta ma bai da sana'a.

Abin da ya rage bayan ƙura ta lafa bai kai wancan girma ba, amma ya fi shi amfani. Kamar yadda masanin harshe Roman Jakobson ya lura, kowane harshe na iya faɗin kome, inda suka saɓa shi ne abin da kowanne yake tilasta wa mai shi ya faɗa, ko yana so ko ba ya so. Mu da muke wannan magana da Hausa ba mu iya tambayar mutum yaushe ya zo sai mun nuna namiji ne ko mace, kai ko ke. Baturke ba ruwansa da wannan, kalma ɗaya ta ishe shi. Amma shi in zai ba da labarin abin da ya wuce, ƙarshen aikatau ɗinsa dole ya nuna ko da idonsa ya gani ko ji ya yi. Mutanen Guugu Yimithirr da ke arewacin jihar Kwinsland ta Ostareliya ba sa kwatanta wurin abu da dama ko hagu, sai da gabas da yamma da kudu da arewa, ko da kuwa ƙwaron da ke kusa da ƙafarka ake nuna maka. Yaron da ya tashi da wannan harshe dole ya san inda gabas take a kowane lokaci, ko a cikin ɗaki ko da tsakar dare, kuma masu bincike sun tarar da gaske sun sani. Harshen bai hana su tunanin dama da hagu ba. Horar da hankalinsu ya yi, kullum, har kula da alƙibla ta zame musu jiki.

Mafi nauyin wannan horo kuwa shi ne wanda ya shafi matsayin mutum tsakanin mutane, kuma a nan ne harshe da al'ada suke haɗewa har a kasa raba su. A tsibirin Jawa na Indunusiya, harshen yana da hawa-hawa. Kalmar da za ka kira gida da ita, ko cin abinci, ko tafiya, in da ƙanenka kake magana, daban take da wadda za ka faɗa a gaban surukinka ko malaminka. A Koriya mutum biyu da suka haɗu yau sukan tambayi juna shekaru da wuri, domin ƙarshen kowace jimla ya dogara ga wanda ya girmi wani. Mai irin wannan harshe ba zai iya cewa uffan ba sai ya fara auna kansa da wanda ke gabansa. Ka lissafa sau nawa yaro zai yi wannan awo daga yaye zuwa balaga. Ba sai an yi masa lacca a kan girmama na gaba ba, nahawu ya riga ya yi aikin.

Wannan horo har cikin amsar da mutum ke ba kansa yake kaiwa. Akwai wani gwaji mai sauƙi da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna yi: a ba ka takarda a ce ka rubuta amsa ashirin ga tambayar “Ni wanene?” Ɗaliban jami'a a Amurka sukan cika takardar da halayensu, ni mai son karatu ne, ni mai saurin fushi ne. Da aka yi gwajin a Kenya a wani bincike da aka buga a 1997, makiyayan Masai da Samburu suka fi amsawa da dangantaka, ni ɗan wane ne, ni uwar su wance ce, ni ɗan dangi kaza ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne ɗaliban jami'a na Nairobi, waɗanda amsoshinsu suka fi kama da na Amurkawa a kan na makiyayan ƙasarsu. Wato al'adar da ake magana a kai ba a jini take ba, ba kuma a fasfo ba. Tana cikin irin rayuwar da mutum ke yi, da makarantar da ya zauna, da mutanen da yake kwana yana tashi da su. Sauya waɗannan, amsar ta sauya cikin zuri'a ɗaya.

Masu mulki sun daɗe da sanin inda mutum ke da taushi. A tsakanin 1984 da 1985 gwamnatin Bulgeriya ta tilasta wa Turkawan ƙasar su ajiye sunayensu su ɗauki na Bulgeriya, ta hana yin Turkanci a bainar jama'a. Ba gonakinsu aka ƙwace ba, sunayensu aka taɓa, amma a 1989 da aka buɗe iyaka sama da mutum 300,000 suka kwashe kayansu suka nufi Turkiyya.

To mai harshe biyu ko uku fa, shi mutum nawa ne? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin mutane da yawa a Afirka da Asiya a haka suke rayuwa. A shekarun 1960 Susan Ervin-Tripp ta yi aiki da matan Japan da suka auri Amurkawa suna zaune a San Faransisko. Sai ta fara musu jimla ta ce su ƙarasa, yau da Japananci, wani lokaci da Turanci. Da aka ba wata mata jimlar da ta shafi saɓanin abin da take so da abin da danginta ke so, da Japananci ta ce lokacin babban baƙin ciki ne, da Turanci ta ce abin da take so za ta yi. Ba ƙarya ta yi ba a ko ɗaya. Kowane harshe a wurinta yana tafe da nasa mutanen: ɗaya da muryar uwarta da idon dangi, ɗaya da rayuwar da ta gina bayan ta tsallaka teku. Duk wanda ya taɓa lura cewa da wani harshe yake ciniki, da wani yake faɗa, amma in ciwo ya kama shi da tsakar dare da na gida yake kiran uwarsa, ya san wannan ba sai an kawo masa bincike ba.

Har yanzu a ɓangare ɗaya muke, abin da mutum ke ji a ransa. Amma asali aikin hannu biyu ne. Akwai abin da ka ce kai ne, akwai kuma abin da jama'a suka yarda kai ne, kuma a kan harshe ne waɗannan biyu suke ciniki.

Wani lokaci mutum da kansa yake jan bakinsa zuwa inda zuciyarsa take. A farkon shekarun 1960 William Labov ya je tsibirin Martha's Vineyard da ke gaɓar gabashin Amurka, wurin masunta da masu yawon shaƙatawa suka fara mamayewa duk bazara. Ya lura cewa masuntan suna furta wasu wasula da wani tsohon salo da ake zaton ya kusa ɓacewa, kuma maimakon ya ragu ƙaruwa yake yi. Da ya dubi matasa sai ya ga waɗanda suka ƙudura zama a tsibirin sun fi riƙe salon, masu shirin tafiya birni kuwa sun sake shi. Yawancinsu ba su ma san suna yi ba. Da wasali ɗaya suke cewa nan namu ne.

Wani lokacin kuma jama'a ce ke jan bakin mutum, kuma wannan ya fi ciwo. A 1960 Wallace Lambert da abokan aikinsa a birnin Montreal na Kanada suka naɗi muryar mutanen da suka ƙware a Faransanci da Turanci, kowanne ya karanta rubutu ɗaya da harsunan biyu. Aka kunna wa ɗalibai ba tare da an gaya musu cewa mutum ɗaya suke ji sau biyu ba, aka ce su kimanta masu maganar. Masu Turanci suka fifita muryar Turanci a wajen basira da ƙwazo, har da tsawon jiki. Wannan ba abin mamaki ba ne, a lokacin dukiyar birnin a hannunsu take. Abin takaicin shi ne ɗalibai masu Faransanci su ma muryar Turancin suka fifita a kan tasu. Raini in ya daɗe a kan harshe, mai harshen yakan karɓe shi ya zama shi ke raina kansa. A ganina wannan shi ne mabuɗin batun gaba ɗaya. Ba harshen ne ke ɗaga mutum ko ya ƙasƙantar da shi ba, darajar da aka sa wa masu shi ce, kuma mutane ne suke sa ta.

Kada a ɗauka wannan kunya daga sama take faɗowa. An sha dasa ta da gangan, kuma a aji aka fi dasa ta. A wasu makarantun yankin Wels na Birtaniya a ƙarni na 19, akwai ɗan katako da ake rataya wa yaron da aka ji yana harshen gida. In ya ji wani ya yi, sai ya kai ƙara, a cire masa a rataya wa wancan. Wanda katakon ya kwana a wuyansa a ƙarshe shi ke shan hukunci. Dubi mugun wayon da ke ciki. Malami ba ya buƙatar kasa kunne, yaran ne za su zama 'yan sandan juna, kowa yana jiran abokinsa ya yi suɓul da baka da harshen uwarsu don ya tsira da bayansa. An yi irin wannan a makarantun Faransa ga yaran yankin Biritani da ke arewa maso yammacin Faransa da na kudancin ƙasar, aka kai shi makarantun ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka, aka yi a tsibirin Okinawa na Japan. A Kanada abin ya wuce katako: yara kusan 150,000 na 'yan asalin ƙasar aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana inda ake dukansu in sun yi harshensu. Sai a 2008 firaminista ya nemi gafara a gaban majalisa, a 2015 kuma hukumar da ta binciki lamarin ta kira shi kisan kiyashi ga al'ada.

Yau ba sai an sassaƙa katako ba. Ka ɗauki gidan da ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa, ko ma zuwa babban birnin ƙasarsu. Uwa ta kira kaka a waya ta miƙa wa yarinya 'yar shekara bakwai. Kaka ta jero gaisuwa da tambayoyi da sa albarka. Yarinyar ta riƙe wayar nesa kaɗan da kunne, ta ce “lafiya lau”, ta ce “eh”, ta sake cewa “eh”, sannan ta ɗago ido ta dubi uwarta tana neman agaji. Tana jin rabin abin da ake faɗa, amma amsar da harshen makaranta take zuwa mata, kuma ta tuna dariyar da aka yi ranar da ta gwada na gida ta karya shi. Uwa ta karɓi wayar ta ce, “Kunya take ji, Inna.” Kaka ta ce ba kome, Allah ya raya. Joshua Fishman, wanda ya ƙare rayuwarsa yana nazarin wannan al'amari, ya nuna cewa zuri'a uku sukan isa: kakanni da harshen gida kaɗai, iyaye da biyu, jikoki da sabon kaɗai. Ya kuma dage cewa makaranta da rediyo da doka duk taimako ne, amma in harshe ya daina wucewa daga babba zuwa yaro a cikin gida, sauran ba sa riƙe shi.

Ba na ganin adalci ne a ɗora wa iyaye laifin duka. Uban da aka hana aiki saboda bakinsa, in ya ce ɗansa ba zai sha abin da ya sha ba, soyayya ce ta sa shi. Kuskuren yana cikin zaton cewa sai an zubar da ɗaya kafin a ɗebi ɗayan, alhali ƙwaƙwalwar yaro na ɗaukar biyu da uku ba tare da ta koka ba. Kuma abin da ake asara ba kalmomi kaɗai ba ne. Hirar kaka ce, da labarin wanda ya haifi wane, da barkwancin da ba ya fassaruwa.

Yanzu sai a yi hattara, don daga nan ne masu zafin kishi suke zamewa su ce harshe ɗaya al'umma ɗaya, harshe daban al'umma daban. Tarihi bai goyi bayansu ba. Hutu da Tutsi na Ruwanda harshe ɗaya suke yi, addini ɗaya, a kan tuddai ɗaya suke zaune, suna auratayya. Turawan Beljiyam suka rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida a shekarun 1930, kuma a 1994 cikin kimanin kwana ɗari aka kashe mutum kusan 800,000, mai kisa da wanda ake kashewa suna jin maganar juna sarai. Somaliya na cikin ƙasashen Afirka ƙalilan da kusan kowa ke harshe ɗaya, amma hakan bai hana gwamnatinta rushewa a 1991 ba. Sabiyawa da Kuroshiyawa da Bosniyawa ba sa buƙatar tafinta, duk da haka bayan wargajewar Yugoslabiya kowa ya ba harshen nasa sunan. Suwizalan kuwa da harsunan ƙasa huɗu tana nan zaune lafiya.

Masanin al'ummu Fredrik Barth ya ba da bayani a 1969 da har yau nake ganin ya fi kowanne kama gaskiya. Ya ce abin dubawa shi ne iyakar da jama'a suka shata tsakaninsu da maƙwabtansu, domin mutane na iya tsallaka iyakar, al'adun da ke cikinta na iya sauyawa, ita kuma tana nan. Abokin aikinsa Gunnar Haaland ya kawo misali daga Darfur: manomin ƙabilar Fur in shanunsa suka yi yawa yakan bi makiyayan Baggara ya shiga irin rayuwarsu, a kwana a tashi 'ya'yansa su tashi da Larabci a ɗauke su Baggara. Kowace al'umma tana zaɓar alamar da za ta kafa a bakin iyakarta. Wata harshe ta zaɓa, wata addini, wata salsala, wata sana'a.

To yaushe harshe ke zama tutar da ake mutuwa a kanta? Amsar da tarihi ya fi maimaitawa ita ce, ranar da hukuma ta ɗaura abincin mutane a kansa. A watan Maris na 1948 Muhammad Ali Jinnah, jagoran kafa Pakistan, ya tsaya a Daka, babban birnin ɓangaren gabas na ƙasar (Bangaladash ta yau), ya ce Urdu kaɗai ne zai zama harshen ƙasar Pakistan, alhali masu Bengali sun fi rabin jama'ar ƙasar. Ga ɗalibin Daka ma'anar wannan a fili take: jarrabawar shiga aikin gwamnati, kotu, takardar kuɗi, duk da harshen da ba nasa ba, shi da ƙasarsa ya zama baƙo. Ranar 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta suka kashe wasu. Addini ɗaya da ya haɗa ɓangarorin biyu bai iya ɗinke wannan ɓarakar ba, kuma tana cikin abubuwan da suka kai ga ɓallewar Bangaladash a 1971. Wannan rana ce hukumar UNESCO ta ware a 1999 ta zama ranar harshen uwa ta duniya. A Soweto ta Afirka ta Kudu, ranar 16 ga Yuni 1976, 'yan makaranta suka fito ne saboda an ce sai an koyar da su lissafi da wasu darussa da harshen Afirkans, harshen gwamnatin wariyar launin fata. A Siri Lanka dokar 1956 da ta mai da Sinhala kaɗai harshen hukuma ta toshe wa Tamil ƙofar aikin gwamnati, kuma gabar da ta biyo baya ta kai ga yaƙin da aka yi daga 1983 zuwa 2009.

Indunusiya ta bi wata hanya. A 1928 matasa masu neman 'yanci suka ɗauki harshen Malay, wanda aka saba ciniki da shi a tashoshin jiragen ruwa, ya zama harshen ƙasa, suka bar na Jawa duk da masu shi sun fi kowa yawa. Da yake ba harshen babbar ƙabila ba ne, ba wanda ya ji an hau kansa. Haka Suwahili ya yi wa Tanzaniya mai ƙabilu sama da 120 a zamanin Julius Nyerere. Ko a nan ba kyauta aka samu ba, domin ƙananan harsuna da dama a ƙasashen biyu suna ja da baya a bakin matasa.

Akwai jama'ar da akan manta da ita a irin wannan zance, kuma ita ce ta fi kowa nuna cewa ba ta jini kaɗai ake gadon al'ada ba. Sama da kashi 90 cikin 100 na kurame iyayensu masu ji ne, don haka harshensu na hannu daga tsara suke ɗaukarsa, ba daga gida ba. A 1880 wani taron malamai a Milan ya yanke shawarar a daina koyar da su da hannu, a tilasta musu karanta leɓe, kuma an shafe kusan ƙarni ana bin wannan a Turai da Amurka. Harshen bai mutu ba, a ɗakunan kwana da filin wasa yara suka ci gaba da miƙa wa juna shi. A Nikaraguwa ma, da aka tara yara kurame a makarantu a Managuwa daga ƙarshen shekarun 1970, su da kansu suka ƙirƙiro sabon harshe mai nahawunsa, kuma tare da shi wata al'umma ta tsiro wadda a da babu ita.

Saura tambayar da ta fi taɓa mutane da yawa a yau: wanda harshen kakanninsa ya kuɓuce masa, ya fita daga dangi ke nan? Yawancin mutanen Ailan da Turanci suke rayuwarsu ta yau da kullum, amma ka ce wa ɗayansu shi Ba'ingile ne ka ga abin da zai biyo baya. Kuma ina da ƙorafi a kan masu tsaron ƙofa, waɗanda in matashi ya dawo yana lalubo harshen gida da karyayyen baki sai su tuntsire da dariya, ko su ce ai wannan ba namu ba ne. Su a ganinsu kishin harshe suke yi. Abin da suke yi a zahiri shi ne korar mutumin da ya zo da ƙafarsa, domin babba ba ya jure a yi masa dariya sau uku, zai koma inda ba a yi masa.

Mutanen Maori na Niyu Zilan sun fuskanci wannan kai-tsaye. Zuwa shekarun 1970 harshensu ya kusa komawa bakin tsofaffi kaɗai, domin da yawa cikin waɗanda aka daka a makaranta saboda shi sun ƙi koya wa 'ya'yansu. A 1972 aka kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum sama da 30,000. A 1982 aka buɗe wuraren renon yara da suka kira sheƙar harshe, inda ake kawo ƙanana a zaunar da su da kakanni, ba a yin kome sai da Maori. Aka tsallake zuri'ar tsakiya aka haɗa tsoho da jika, iyaye da dama kuma suka koma ajin manya don kada 'ya'yansu su dawo gida da maganar da ba za su iya amsawa ba. A 1987 doka ta mai da shi harshen hukuma. Aikin bai ƙare ba, ƙidayar 2013 ta nuna kusan mutum ɗaya ne cikin biyar na Maori ke iya yin hira da harshen. Sauran huɗun ba wanda ya cire su daga dangi, domin a wurin Maori salsala ce ke sa mutum ya zama nasu, kuma daga cikinsu akwai masu riƙo hannun 'ya'yansu kowace safiya suna kai su sheƙar.